Littattafan Duba-gari: Tafiya daga Bugaje zuwa Magama

Motar Jibiya ba ta daɗewa a tasha, balle idan Lahadi ta matso, ranar da kasuwar garin ke ci. Ƙaramar Golf na samu, mu biyu a kujerar gaba ban da direba, mutum huɗu a baya, an ɗaure buhunan da suka leƙo daga but da igiya. Ƙarshen bazara ne, zafi ya kai inda ya kai, hadari ya haɗu da la'asar ya watse ba ko ɗigo. Daga birnin Katsina zuwa Jibiya bai cika kilomita 50 ba, amma tun daga barikin Natsinta shingaye ke fara tsai da mota: sojoji, 'yan sanda, kwastan, jami'an shige da fice, kowa da wurinsa. Ba wanda ya yi gunaguni a motarmu. Duk wanda ya san abin da hanyar nan ta gani a 'yan shekarun nan ya fi son mai kaki ya tsai da shi da ya ci karo da masu tare hanya. Nan da can ana hango tulin jar ƙasa na aikin titin jirgin Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021.

Ta'aziyya ce ta fito da ni. Ƙanen kakata ne ya rasu a Bugaje, dattijon da ya ƙare ƙuruciyarsa yana aikin duba-gari, har sunan aikin ya danne sunansa na yanka. Na sauka daga mota na hau babur, muka ratsa gonakin da aka riga aka share, an kai taki an jibge, ana jiran ruwan shuka. Bugaje tsohon gari ne, masana tarihin ƙasar Katsina suna ambatonsa cikin daɗaɗɗun matsugunai, yau kuma mazaɓa ce cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Jibiya. Na tarar da mutane a kan tabarmi a ƙofar gida. Aka yi addu'a, aka yi ya haƙuri, aka sha fura. Bayan sallar magariba da jama'a ta ragu, babban ɗan marigayin ya kira ni zaure, ya jawo wata tsohuwar adaka daga lungu.

"Ɗana, kai ne mai sha'awar takardu," ya ce. "Duba wanga kaya ka gaya mini abin da za a yi da su. Ni dai na rasa inda zan kai su."

"To, Kawu, bari mu gani."

Littattafan rubutu ne irin na 'yan firamare, an ɗaure su da tsumma, bangon wasu ya koɗe, gara ta ɗan taɓa gefen biyu daga ciki. Rubutun da shuɗin biro ne, yawanci boko, amma inda ya yi sauri sai ya koma ajami. Na haska da fitilar waya na shiga karantawa, ban ɗago ba sai da aka kira isha'i. Ba labarin rayuwarsa ya rubuta ba. A wani shafi ya jera rijiyoyin ƙauyukan da ya yi aiki, ya sa alama a gaban waɗanda ruwansu ke gurɓata da zarar an yi ruwa mai ƙarfi, saboda bakinsu ya yi ƙasa ko masai ya yi kusa da su. A wani shafin ya zana taswira da hannu, ya nuna koramu, ya rubuta wadda ke fara kawowa da wadda ke biye mata, da ƙauyen da hanyarsa ke yankewa idan sun cika, da zagayen da mai jaki zai bi ya isa. Akwai shafuka a kan sanƙarau na 1996, annobar da ta ci dubban rayuka a Arewa: inda aka kwantar da marasa lafiya da ɗakin shan magani ya cika, yadda aka shawo kan magidantan da suka ɓoye 'ya'yansu, da limamin da maganarsa ta fi shiga kunnen jama'a. Akwai na amai da gudawa, da awon hodar kulorin da ake zubawa a rijiya gwargwadon zurfinta. Abin da ya fi kama ni shi ne, ƙarƙashin kowane lamari ya ja layi ya rubuta abin da aka yi ba daidai ba. Nan ya ce an makara wajen hana zaman makoki a gidan da cuta ta shiga. Can ya ce an kai magani ba a kai man fitila ba, aikin dare ya gagara.

Na tambayi Kawu ko da Baba ya yi ritaya wani ya zo neman littattafan nan. Ya girgiza kai. Ya ce marigayin ya yi aiki a ƙananan hukumomi da dama na wannan yanki, duk inda aka mai da shi da adakarsa yake tafiya, da ya aje aiki kuma ya dawo da ita gida. Makullin ofis ya miƙa, da babur ɗin hukuma, da rajistar sito. Abin da aka nema ke nan.

Daren nan na daɗe ban yi barci ba. Na yi hulɗa da ma'aikatan ƙananan hukumomi a jihohi daban-daban, na kuma ga takardun miƙa aiki da yawa. Kusan duk kamarsu ɗaya: motoci kaza, kujeru kaza, bashin ɗan kwangila kaza, saura a asusu kaza. Ba kasafai za ka ga an rubuta wa magajin kujera cewa kwalbatin da ke bayan kasuwa shi ne ke fara toshewa ba, ko cewa mai gadin makarantar da ake sauke 'yan gudun hijira a wata unguwa yake kwana, ga wanda za a aika ya taso shi. Manyan ma'aikata kuwa hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi tana juya su daga wannan gari zuwa wancan, shugabanni da kansiloli suna zuwa suna wucewa, wani zaɓaɓɓe wani na riƙo. Wanda ya ga ambaliyar bara, bana yana wata ƙaramar hukumar, wanda ya gaje shi kuma sai ruwa ya koya masa daga farko, kuɗin makarantar kuwa rayukan mutane ne. Turawan mulkin mallaka, duk da cewa haraji ne ya dame su ba lafiyarmu ba, sun tilasta ajiye littafin gunduma, inda kowane jami'i ke rubuta ƙauyuka da rijiyoyi da kasuwanni da shekarun fari da fara don wanda zai zo bayansa. Da yawa daga cikin takardun nan suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Kaduna har gobe. In wanda ya zo karɓar haraji ya ga amfanin rubutawa, mu da muke binne namu mun fi shi dalili.

Da safe na yi sallama, na ce wa Kawu ya ɗaga adakar daga ƙasa saboda gara, na nufi Jibiya. Ina son in ga unguwannin da ruwa ya ci a 2018.

Duk ɗan Jibiya yana tuna daren. Lahadi ce, 15 ga Yuli, ranar kasuwa, kuma ranar da aka buga wasan ƙarshe na cin kofin duniya a Rasha. Mutane sun kwanta, ruwa ya sauko wajen ƙarfe 11 na dare, ya yi ta zuba har bayan tsakar dare. Kafin gari ya waye ya shafe gidaje sama da 500 a Kwata da Ɗan Tudu da Sabuwar Tukare da Tsohuwar Tukare da Unguwar Mai Kwari. Ƙidayar da aka bayar a lokacin ta ce mutum 44 sun rasu, kimanin 20 ba a gan su ba, daga baya adadin mamatan ya haura 50. Wasu gawarwakin sai a cikin ƙasar Nijar aka tsamo su. Gwamna Aminu Bello Masari ya zo, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya zo, hukumomin agaji na NEMA da SEMA suka kawo kaya. Bayanin da hukuma ta yi a lokacin shi ne kogin ya cika ya tumbatsa, magudanan da aka gina don su kwashe ruwan gari su kai kogi suka rasa inda za su zuba, ruwa ya komo cikin unguwanni.

Wani ɗan acaɓa ne ya zagaya da ni, magidanci da bai wuce shekara arba'in ba, yana cikin samarin da suka yi ceto a daren. A Kwata ya tsai da babur a gindin wata tsohuwar katangar siminti da ta tsira, ya ɗaga hannu sama da kansa ya dafa wani wuri da launin bangon ya bambanta.

"Malam, nan ya kawo. Ni da idona."

Daga nan ya shiga nuna mini abubuwa ɗaya bayan ɗaya, ba tare da na tambaya ba. Ga lungun da ruwa ya fara shigowa. Ga inda ya fi ƙarfi, don lunguna biyu ne suka haɗe, duk wanda ya bi nan da yaro a kafaɗa ya sha wuya. Ga tudun da mutane suka taru. Ga gidan da aka samu igiyar rijiya mai tsawo aka ɗaura a bishiya ana jawo mutane. Ya ce waɗanda suka fi tsira su ne waɗanda suka fita tun ruwa yana idon sawu, waɗanda suka tsaya kwance dabbobi ko ɗaukar kaya kuwa da yawa katanga ce ta faɗo musu. Ya san gidajen da ke da tsofaffin da ba su iya tafiya, ya san masuntan da suka iya ruwa da dare. Cikin abin da bai kai awa guda ba, mutumin nan ya ba ni tsarin kwashe jama'a na unguwa sukutum, wanda ko ƙwararre aka ɗauko daga Abuja ba zai tsara kamarsa ba, don shi bai shiga ruwan ba. Na tambaye shi ko ya taɓa rubuta wannan. Ya ce shi rubutunsa bai yi ƙarfi ba, amma duk ranar da aka kira shi zai faɗa a rubuta.

An yi aiki a garin bayan ambaliyar, gaskiya ce a faɗa. Akwai manyan magudanan kankare da aka gina ƙarƙashin shirin NEWMAP wanda ya samu tallafin Bankin Duniya. Sai dai ƙasar nan rairayi ce, iska da ruwa kullum cikin tura yashi suke, ga leda ga shara. Magudana tana buƙatar wanda ya san watan da ake yashe ta, gaɓar da ta fi cikewa, da unguwar da ke da alhakin kowane yanki. Injiniyan da ya gina ta ya tafi da zanensa. In ba a ajiye kwafin zanen da bayanin kula da ita a inda daraktan ayyuka na gobe zai gani ba, wata rana za a yi gini a bakinta ba wanda ya ce uffan.

Da hantsi muka je madatsar ruwa. An gina ta a kan kogin Gada a ƙarshen shekarun 1980, tsawonta ya haura kilomita uku da rabi, tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 142, kuma tana ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima ta gwamnatin tarayya. A ƙarshen bazara ruwan ya ja baya, masunta na gyaran koma a gaɓa, shanu na sha. Ina tsaye a kan ganuwarta ina kallon gari a ƙasa, Maiduguri ta faɗo mini a rai. Madatsar Alau ta yi ambaliya a 1994, ta sake ɓallewa a daren 10 ga Satumban 2024 ta shanye babban ɓangaren birnin. Shekara 30 ke tsakani, kusan tsawon aikin ma'aikacin gwamnati tun daga ɗauka har ritaya. Yawancin waɗanda suka riƙe ofisoshi a ambaliyar farko sun bar aiki kafin ta biyu. Duk garin da ke zaune ƙarƙashin madatsa yana buƙatar amsar tambaya guda a rubuce, a manne a bango: idan ma'aunin ruwa ya kai wuri kaza da ƙarfe biyun dare, wa mai lura da ma'aunin zai kira, shi kuma wa zai tasa, har maganar ta isa lasifikar masallacin unguwa? Madatsa ta tarayya ce, agaji na jiha ne, mutanen da ke barci kuwa na mai unguwa ne. Sarƙar da ta haɗa ukun nan ita ce ke tsinkewa duk lokacin da aka yi wa mutum ɗaya canjin wurin aiki.

Kuma ba ruwa kaɗai ne ke tashin Jibiya tsaye ba. A watan Satumban 2021 gwamnati ta katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, Jibiya na ciki, aka shafe watanni ba sabis. Duk wani tsarin gaggawa da ya dogara da jerin lambobin waya ya tashi aiki a rana ɗaya. Mutane suka koma aika yaro da keke, da ba direba saƙo, da shela a masallaci, na bakin iyaka kuma suka riƙa lalubo sabis ɗin Nijar. A watan Maris na 2022, da aka janye sojoji daga Shimfiɗa, mutanen garin suka kwararo Jibiya da ƙafa, mata da yara, aka sauke su a makaranta. Wata dattijuwa da na gaisa da ita a bakin kasuwa, mai sayar da ƙuli-ƙuli da daddawa, tana cikin matan da suka yi ta girki a kwanakin.

"Inna, me ya fi ba ku wuya?" na tambaye ta.

"Ɗan nan, ba hatsi ba ne. Hatsi jama'a sun kawo. Itace da ruwa da makewayi, su ne suka wahalshe mu. Sai masu ciki, ba a ware musu ɗaki ba sai da aka yi haihuwar farko."

Ga darasi nan cikakke a jimla huɗu. Duk wanda zai sake sauke ɗaruruwan mutane a makaranta, ko ruwa ne ya koro su ko bindiga, yana buƙatar ya ji wannan kafin su iso. Irin wannan sani yana hannun mata ne, ungozomomi da masu girki da malaman asibiti mata, su ne kuma ba a cika kira ba idan an zauna taron masu ruwa da tsaki.

Da azahar na isa Magama, bakin iyaka. Tireloli sun yi layi, 'yan canji na kaɗa sefa da naira, masu shayi da masu tsire kowa na harkarsa. Daga nan sai Ɗan Isa, sai Maraɗi. Iyakar nan ta sha rufewa: an rufe ta a watan Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris na 2024. Kogin kuwa ba ruwansa da wannan. Gada na barin Jibiya ya shiga Nijar ya zama Gulbin Maraɗi, ya ratsa ƙasar Madarumfa, ya wuce ta gefen Maraɗi, ya karkato ya dawo Najeriya ya faɗa kogin Rima. Ruwan da ya kwana a Jibiya, a Madarumfa zai wayi gari.

A rumfar mai shayi na zauna kusa da wani Alhaji, falke daga wajen Madarumfa, mai fataucin wake. Da ya ji abin da ya kawo ni ya ce ai su ma ba su manta 2018 ba, don mutanensu ne suka riƙa bin gaɓar gulbi suna tsamo 'yan uwansu na Jibiya. Ya ce labarin ruwa yakan iso musu ta wayar dangi da abokan ciniki tun kafin na hukuma. Maraɗi ta san gulbin nan sarai. A 1945 ambaliyarsa ta rushe tsohon garin da ke cikin fadama, abin da ya sa aka tashi aka koma kan tudu inda birnin yake a yau. A ƙarshen Agustan 2024 kuma ruwan sama ya kashe mutum aƙalla 15 a cikin birnin. Nijar tana da wani tsari da ya kamata mu duba da idon basira: kwamitocin gargaɗi da ɗaukin gaggawa na ƙauyuka, waɗanda ke tattara bayanin ruwan sama da amfanin gona da farashin hatsi da cututtuka, su miƙa wa wani kwamiti a matakin magajin gari, shi kuma ya tura sama. Ba ko'ina suke aiki yadda ya kamata ba, da yawa suna yin sanyi idan tallafin ƙungiyoyi ya ƙare. Amma tushen daidai ne, wato mutumin ƙauye shi ne farkon mai bayani, kuma abin da ya faɗa ana rubuta shi. Ƙasashen biyu suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, sun kuma sa hannu kan yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 game da ruwan da suka yi tarayya a kai, Gada da Gulbin Maraɗi na ciki. Yarjejeniyar manya ce, tana da amfaninta. Abin da zai ceci mai barci a bakin gulbi shi ne a ce lambar hakimi da ta magajin garin ƙetare suna cikin littafi ɗaya, an kuma san wanda zai kira wani, ko iyaka a buɗe take ko a rufe.

A hanyar komawa Katsina na yi ta juya maganar. A takarda ba mu rasa tsari ba. An kafa NEMA a 1999, jihohi suna da SEMA, tsarin ƙasa na kula da bala'o'i kuma ya tanadi kwamitin ɗaukin gaggawa a kowace ƙaramar hukuma. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, hukumar NIHSA tana fitar da jerin wuraren da ake fargabar ambaliya. Amma hasashen Abuja iyakarsa ya ce ƙaramar hukuma kaza tana cikin haɗari. Ba zai gaya maka lungun da ruwa zai fara shiga ba, ko gidan da makaho yake. Wannan sai 'yan gari, kuma 'yan gari suna tsufa, suna ƙaura, suna rasuwa. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 11 ga Yulin 2024 cewa kuɗin ƙananan hukumomi su riƙa zuwa hannunsu kai tsaye, ake ta muhawarar abin da za su yi da kuɗin. Ga aiki nan da bai kai kuɗin kwalbati ɗaya ba.

Littafi nake nufi, na gaske, mai bango mai kauri, a kowace mazaɓa. A rubuta shi da Hausa, boko da ajami in ta kama, don mai unguwa da liman su iya karantawa da kansu. A zauna da tsofaffin ma'aikata masu karɓar fansho, duba-gari da malaman asibiti da malaman gona da direbobin hukuma da masu gadi, a ɗauki muryarsu a waya, wani matashi ya mayar a takarda. A zauna da sarkin ruwa da sarkin tasha da shugaban 'yan acaɓa da ungozomomi. Duk lokacin da wani abu ya faru, ambaliya ko gobarar kasuwa ko annoba ko gudun hijira, kada a bari mako biyu ya wuce ba a tara waɗanda suka yi aikin ba, a tambaye su abin da ya faru, abin da ya yi kyau, da abin da ya ɓaci. Zaman nan ba na neman mai laifi ba ne. Ranar da aka mai da shi kotu, ranar kowa zai kama bakinsa, littafin ya cika da yabon shugaba. A yi kwafi uku, ɗaya a sakatariya, ɗaya a fadar hakimi, ɗaya a hannun magajin gari, don masu mulki na siyasa suna sauyawa, sarauta kuwa tana daɗewa. A ɗauki hoton shafukan a ajiye a kwamfuta, amma kada a dogara da ita kaɗai a ƙasar da wuta da sabis ba su da tabbas. Sannan a sa littafin cikin kayan da ake miƙawa idan an yi canjin aiki, sabon jami'i ya sa hannu cewa ya karɓa ya kuma karanta.

Akwai hanzari guda da wani fasinja ya kawo da muke hirar a mota, kuma yana da gaskiya. Ya ce a ƙasar da ake fama da masu kai wa 'yan bindiga rahoto, littafin da ya jera masu motoci da hanyoyin zagaye da wuraren taruwar jama'a zai iya zama makami a hannun mugu. Don haka sai a raba shi biyu. Abin da ya shafi kowa, kamar alamomin tashin ruwa da tudun da za a nufa da rijiyoyin da za a ƙaurace wa, a karanta shi a masallatai da makarantun Islamiyya da ranar kasuwa. Abin da ya shafi sunaye da dukiyar mutane kuwa ya tsaya a hannun amintattu kaɗan.

A wannan yanki ruwa yakan zauna ne a watan Yuni, ya yi ƙarfi a Yuli da Agusta. Ke nan Afrilu da Mayu ne lokacin zaman. Ina kira ga shugaban ƙaramar hukumar Jibiya da kansilolinsa, tun daga Bugaje har Riko da Faru da Gurbin Ɓaure, da hakimai da magaddai da masu unguwanni, da takwarorinsu na Batsari da Kaita da sauran ƙananan hukumomin wannan yanki: kowa ya nemo dattawa biyar a mazaɓarsa da suka ga abin da ya faru da idonsu, maza da mata, ya zaunar da su da mai rubutu kafin ruwan shuka ya sauka. Kai kuma mai karatu, in akwai tsohon ma'aikaci a gidanku, je ka tambaye shi tun yana iya ba ka amsa.